Sun ƙi biyan kuɗin jinyar mijina, ni kuma na daina jin tausayi

Assalamu alaikum, Anti. Ni 'yar zangon Kumasi ce, shekarata 16 a Bronx, cikin birnin New York. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ta wurin aikin ne muke da inshorar lafiya, ni da maigida da yara uku. Duk sati biyu sai an zare kuɗinta daga albashina kafin ya shigo hannuna. Wata uku da suka wuce maigidana ya yanke jiki ya faɗi, likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Daga asibiti aka wuce da shi gidan gashi, inda ake koya masa tsayuwa da riƙe cokali. Kwanansa 12 kamfanin inshora ya aiko cewa ya isa haka, wai sauran jinyar ba dole ba ce. Likitansa kuwa ya ce da saura. Muka ƙara kwana 9 saboda ko tsayuwa bai iya ba, yanzu an aiko mana da bashin dala 11,000, gashin da za a ci gaba da yi masa daga gida ma sun ƙi biya. Na kira su sau huɗu, a na ƙarshe na zazzagi yarinyar da ta ɗauki waya. Takardarsu tana cikin durowa sati bakwai, ko kallonta ba na son yi. Danginsa na gida suna cewa in bar wa Allah. Abin da ya fi damuna shi ne babban ɗana, mai shekara 19, yana ta yaɗa hoton saurayin nan da ake zargi da harbe shugaban kamfanin inshora, yana ce masa gwarzo. Na buɗe baki zan tsawata masa, sai na ji ni ma a raina ban ji tausayin wanda aka kashe ba. Anti, zuciyata ta lalace ne? Me zan yi?

Maman yara, daga Bronx

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri. Mace ta wuni tana juya iyayen wasu, ta dawo gida ta ɗora da juya mijinta, sannan a aiko mata da takardar bashi, ai ko dutse ne a ƙirjinta sai ya tsage.

Zuciyarki ba ta lalace ba, kuma zan zo kan wannan magana. Amma ki yi haƙuri in fara da durowar nan, domin abin da ke cikinta yana da wa'adi, kuma kwanakin tafiya suke yi ko kin kalla ko ba ki kalla ba.

Dokar lafiya ta 2010, wadda mutane suka fi sani da Obamacare, ta wajabta wa kamfanin inshora ya ba mutum damar ɗaukaka ƙara idan ya ƙi biya masa, abin da muke ce wa afil. Kwana 180 ake ba ka daga ranar da takardar ƙin biyan ta iso. Ke kin ci sati bakwai, wato kwana 49, saura miki kimanin 130. Idan kin shigar da afil a kan jinyar da aka riga aka yi, kamar kwana 9 ɗin nan na gidan gashi, dole su ba ki amsa cikin kwana 60. Idan a kan wadda ba a yi ba ce tukuna, kwana 30.

To amma maganar gashin maigida ba ta jiran kwana 30. Akwai afil na gaggawa, wanda ake yanke shi cikin awa 72, kuma sharaɗinsa shi ne likita ya shaida cewa jinkiri zai iya cutar da ran majinyaci, ko lafiyarsa, ko kuma damar da jikinsa ke da ita ta dawo da ƙarfinsa. Ki riƙe wannan na ukun da kyau, don kamar domin mijinki aka rubuta shi. Duk likitan da ya san shanyewar ɓarin jiki zai gaya miki cewa watannin farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon abin da ta rasa. Hannun da za a iya farfaɗo da shi a wata na uku ya fi wuya a wata na tara. Saboda haka gobe da safe, kafin komai, ki kira ofishin likitansa ki ce kina son su nemi afil na gaggawa a kan gashin, kuma kina son likitan ya nemi magana baki da baki da likitan kamfanin inshorar. Wannan hanya sananniya ce, ofisoshin likitoci sun saba da ita, kuma wani lokaci a nan take maganar ke warwarewa.

Sai ki zauna da takardar. Na san kallonta kawai yana tayar miki da zuciya, amma a cikinta ne suka rubuta dalilinsu, kuma dalilin nan shi za ki rusa. Sun ce jinyar ba dole ba ce. To bisa wane ma'auni? Kina da haƙƙin ki nemi su ba ki kwafin duk abin da suka dogara da shi, da ƙa'idar da suka auna mijinki da ita, ba tare da kin biya ko sisi ba. Idan ya zo ki kai wa likita. Wasiƙar likita mai cewa “wannan majinyaci yana buƙatar ƙarin gashi” ba ta da nauyi sosai. Wadda ke aiki ita ce wadda ta bi ƙa'idarsu ɗaya bayan ɗaya tana nuna inda suka kuskure: ranar da suka ce ya isa, taku nawa yake iya yi, zai iya shiga banɗaki shi kaɗai, gidanku hawa na nawa ne, akwai lifta ko sai matakala, waye zai zauna da shi in kin tafi aiki. Masu gashi suna rubuta ci gaban majinyaci kullum, ki nemi wannan rubutun a haɗa. Idan ya nuna yana samun sauƙi a kwanakin da suka ƙi biya, kin samu babbar shaida.

Ki sayi littafi guda na musamman domin wannan magana. Duk kiran da kika yi ki rubuta rana da lokaci, sunan wanda ya ɗauka, da lambar shaidar kiran. Duk takardar da za ki aika ki ajiye kwafi, ki aika ta hanyar da za a ba ki rasit.

Idan kamfanin ya sake ƙi, maganar ba ta mutu ba. Sai a fitar da ita daga hannunsu gaba ɗaya, a kai wa likita mai zaman kansa wanda ba ya cin albashinsu, kuma abin da ya yanke dole su bi. A jihar New York ana shigar da wannan ta hukumar kula da harkokin kuɗi ta jiha, wadda ake kira DFS. Wata huɗu ake ba ka bayan amsarsu ta ƙarshe, ana yankewa cikin kwana 30, ko awa 72 in gaggawa ce, kuɗin shigarwa ba ya wuce dala 25, in kin yi nasara kuma a mayar miki. A lamarin gaggawa ma ana iya shigar da afil na cikin kamfanin da wannan na waje a lokaci guda. Abu ɗaya za ki tambaya a wurin aikinki: shin kamfanin inshora ne ke biyan kuɗin jinya, ko kuwa masu aikin ne ko asusun ƙungiyar ƙwadago ke biya daga aljihunsu, kamfanin inshora yana musu aikin takardu kawai? In na biyun ne, inshorarki tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, hanyar sai ta ɗan bambanta, kuma ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke sa ido. Kada wannan ya rikita ki. A jiharku akwai wani shiri mai suna Community Health Advocates, aikinsu ke nan, su taya mutum karanta irin wannan takarda da rubuta afil, kyauta. Ki neme su cikin satin nan. A asibiti kuma kina da haƙƙin a kawo miki tafinta ba tare da kin biya ba, kada kunya ta hana ki nema. Turancin hira daban, Turancin takardun inshora daban, har 'ya'yan ƙasar yana ba su wahala.

Kina iya cewa, Anti, duk wannan wahala a banza, ai ba za su canza ba. Bari in ba ki lissafi. Cibiyar bincike ta KFF ta duba inshorar da mutane ke saye ta kasuwar gwamnatin tarayya a shekarar 2023, ta ga an ƙi biyan kashi 19 cikin 100 na buƙatun da aka shigar, a asibitocin da kamfanonin da kansu suka amince da su. Waɗanda suka ɗaukaka ƙara ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Cikin 'yan kaɗan ɗin da suka yi, fiye da huɗu cikin goma an juya hukuncin. A inshorar tsofaffi ta Medicare Advantage kuwa, a shekarar dai, fiye da takwas cikin goma na waɗanda suka yi afil a kan hana izinin magani sun samu, ko duka ko wani sashe. Irin inshorarki daban ce da waɗannan, amma darasin ɗaya ne. Mutane da yawa suna yin abin da kika yi, su jefa takarda a durowa, su yi kuka, su biya ko su haƙura da magani. Gajiyarki riba ce a wurin kamfanin. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a cikin lamarin duka, cewa an gina tsari a kan sanin cewa mai jinya ba shi da sauran ƙarfin jayayya.

Maganar dala 11,000, kada ki yi gaggawar biya, kuma don Allah kada ki zuba ta a katin bashi. A watan Disamba na 2023 jihar New York ta yi dokar da ta hana a sa bashin jinya a rajistar bashin mutum, amma da zarar kin biya da katin bashi na yau da kullum, ya tashi daga bashin jinya ya koma bashin banki, kariyar ta faɗi, ga kuma kuɗin ruwa da mu Musulmi muke gudu. Ki rubuta wa gidan gashin cewa afil yana tafiya, ki roƙi su dakatar da neman kuɗin, su aiko miki da lissafi filla-filla na kowane abu da suka caje ku. Ki kuma tambaya ko suna da shirin rangwame. Asibitocin da ba na neman riba ba, doka ta tilasta musu su kasance da shi.

Yanzu mu koma kan zuciya.

Fushinki yana da tushe, kuma miliyoyin mutane a ƙasar nan suna ɗauke da irinsa. A 2023 kafar binciken labarai ta ProPublica ta ruwaito cewa likitocin kamfanin inshora na Cigna sun ƙi buƙatu fiye da 300,000 cikin wata biyu ta hanyar wata manhaja, kowace buƙata ana kashe mata abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Kamfanin ya ce an yi wa tsarinsa mummunar fahimta, amma mutane sun ji abin da suka ji. A Oktoba 2024 wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoton cewa ƙin amincewa da jinyar bayan asibiti ga tsofaffi a kamfanin UnitedHealthcare ya tashi daga kashi 10.9 a 2020 zuwa kashi 22.7 a 2022. Jinyar bayan asibiti, wato irin wadda maigidanki yake nema. Don haka da aka harbe Brian Thompson, shugaban wannan kamfani, da sanyin safiyar 4 ga Disamba 2024 a gaban wani otal a Manhattan, aka kuma tarar an rubuta kalmomin hanawa da jinkirtawa a jikin kwanson harsasan, sai bakin mutane ya buɗe. Kowa ya fito da labarin mahaifiyarsa, da na ɗansa, da na matarsa da ta rasu ana jiran izini. Saƙon ta'aziyyar da kamfanin ya sa a Facebook, dubun-dubatar mutane suka bi shi da alamar dariya. Bayan kwana biyar aka kama Luigi Mangione a jihar Pennsylvania, aka tuhume shi, ya musanta laifin, wasu kuma suka mayar da shi tauraro.

Abin da kika ji a ranki sunansa gajiya. Wanda aka daɗe ana wulaƙanta shi, akwai ranar da zai nemi tausayi a zuciyarsa ya tarar rijiyar ta ƙafe. Wannan ba zaɓinki ba ne, kuma shaidar cewa zuciyarki da rai ita ce tsoron da abin ya ba ki har kika ɗauki alƙalami. Amma zan faɗa miki gaskiya kamar yadda zan faɗa wa ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Rashin jin tausayi abu ne da ya faɗo miki, yarda da kisan kuwa mataki ne da mutum ke takawa da ƙafarsa, kuma kada ki taka shi. Mutumin da aka kashe shekararsa 50, yana da 'ya'ya maza biyu, an harbe shi ta baya yana tafiya a titi. Ba alƙali, ba shaida, ba a ba shi bakin magana ba. Duk abin da kamfaninsa ya yi wa mutane, addininmu bai ba wani mutum guda ikon ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni ba. A cikin Suratul Ma'ida Allah ya gargaɗe mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Ayar ba ta ce ba za mu ji ƙiyayyar ba. Ta san za mu ji, shi ya sa ta yi magana.

Kuma ki dubi abin da idon basira. Jinin da aka zubar bai biya miki ko dala ɗaya daga cikin 11,000 ba. Takardarki ta zo bayan wancan kisan, da irin kalmomin da suka saba rubutawa.

Addinin da ya hana ki murna da kisa, shi ne kuma ya ba ki bakin neman haƙƙinki. Ya tabbata cewa wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bashi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura, sai ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da magana. Wannan ita ce amsarki ga dangin maigida. Ba na zarginsu. A gida an saba sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci, don haka in suka ji an ce inshora ta ƙi biya, gani suke wata alfarma ce aka nema ba a samu ba. Ki fahimtar da su cewa kuɗinki ne, guminki ne da ake zarewa duk sati biyu shekara da shekaru, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Barin wa Allah yana zuwa ne bayan kin aika takardar.

Yarinyar da kika zaga kuwa, ba ita ta yanke hukuncin ba. Mai yiwuwa albashinta bai kai naki ba, kuma ita ma irin wannan inshorar take riƙe da ita. Ki nemi gafarar Allah, in kika sake kira ki yi magana a natse, don mai ɗaukar waya da aka mutunta yakan gaya maka lambar fom ɗin da ya dace da inda za a aika shi. Akwai wani dalilin kuma. Ana naɗar waɗannan kiraye-kirayen. A wannan Disamba ɗin na 2024 an kama wata mata a jihar Florida, uwar 'ya'ya uku, saboda a ƙarshen waya da kamfanin inshorarta ta maimaita kalmomin da aka rubuta a kan harsasan, ta ƙara da cewa su ne na gaba. Fushi ne ya yi magana da bakinta, ta kwana a hannun 'yan sanda.

Wannan ya kawo ni kan ɗanki, wanda na fi tausaya masa a cikinku duka. Yaro ya tashi yana ganin ubansa tsayayye, rana ɗaya ya ga ana ba shi abinci a baki, ya ga uwarsa tana kuka da waya a hannu, shi kuma ba abin da zai iya. Hoton da yake yaɗawa, hanyarsa ce ta cewa an zalunce mu kuma ba wanda ya tsaya mana. In kika fara da tsawa, zai ji kamar kin goyi bayan waɗanda suka cuci ubansa. Ki zaunar da shi lokacin da ƙannensa suka yi barci. Ki gaya masa kin san abin da ke cinsa, ke ma yana cin ki. Sannan ki gaya masa iyakar da ba za a tsallake ba a gidanki, ba a yabon kisan kai. Ki kuma tuna masa ko shi waye a ƙasar da yake: saurayi baƙar fata, Musulmi, ɗan baƙi. Abin da wani zai rubuta a yi dariya a wuce, shi zai iya bin sa har wurin neman aiki ko makaranta. Ya goge abin da ya yaɗa.

Daga nan sai ki ɗauko takardar ki ajiye a gabansa. Shi ya yi makaranta a nan, Turancin ya zauna a bakinsa, kwamfuta ba ta ba shi tsoro. Ki ce masa ga inda ubanka yake buƙatarka. Akwai fom ɗin wakilci da maigida zai sa wa hannu, wanda zai ba ki ko shi damar magana da kamfanin a madadinsa. Ya riƙe littafin, ya bi likita a kan wasiƙa, ya lissafa kwanakin wa'adi ya manna a jikin firiji. Idan kuma zuciyarsa tana son abin ya wuce gidanku, ya rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar unguwarku, ofisoshinsu suna karɓar irin wannan koke. Ya zauna a masallaci bayan sallar Juma'a ya tambayi dattawa wa ke da irin wannan takarda a gida, za ki sha mamakin yawan durowoyin da za a buɗe.

Ke ma kada ki ɗauki jinyar nan ke kaɗai. Matan da kuke haɗuwa a suna da biki da adashi, ki faɗa wa biyu ko uku da kika yarda da su, ko yini ɗaya a sati wata ta karɓe ki ki samu barci. Ki riƙa auna hawan jininki.

A daren yau, in kin idar da sallar isha'i, ki buɗe durowar ki duba kwanan watan da ke saman takardar, ki ƙirga kwana 180 ki rubuta ranar. Da safe ki kira ofishin likita. In amsar afil ɗin gaggawar ta fito, ki rubuto mini abin da suka ce, mu duba mataki na gaba tare. Ki gaida maigida da jiki.